Tambaya da Amsa: Sarƙa na zamewa daga faifan gaba, wane mariƙi ya dace?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu guda suka taru: keken hawan dutse mai faifai ɗaya tal a gaba, da ɗan abin nan da ake ɗaurawa a saman faifan don ya tare sarƙa, wanda za mu riƙa kira mariƙin sarƙa. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kekena faifai ɗaya gare shi a gaba mai haƙora 32, da giya 11 a baya. Shekara biyu sarƙa ba ta taɓa faɗo mini ba, yanzu kuwa duk na gangaro wuri mai duwatsu sai ta zame ta maƙale tsakanin faifai da bodi. Wane mariƙi zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da saye tukuna. Keken da ya yi shekara biyu lafiya lau ba tare da mariƙi ba, ba rashin mariƙi ke damunsa yau ba. Wani abu ne ya cinye ko ya saki, kuma in ka ɗaura mariƙi a kansa ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Abu biyu ne ke riƙe sarƙa a irin wannan keke. Na farko kulocin da ke cikin mai canza giya na baya, wanda ke hana hannunsa lilo gaba idan taya ta daki dutse. Kamfanin Shimano ya fito da nasa, Shadow Plus, a 2011, kamfanin SRAM ya biyo da Type 2. Na biyu siffar haƙoran faifan, wadda ta yaɗu bayan SRAM ya fito da tsarin giyarsa mai suna XX1 a 2012: haƙori mai kauri, sai siriri, sai mai kauri. Dubi sarƙarka da kyau, za ka ga gurabenta ba ɗaya ba ne, akwai mai faɗi akwai matsattse. Kowane haƙori yana cika gurbinsa dam, sarƙa ba ta samun sararin kaɗawa gefe. Shi ya sa irin wannan faifai kullum adadin haƙoransa mai rabuwa biyu daidai ne, kamar 28 ko 30 ko 32 ko 34, ba ka samun mai 31. Kafin waɗannan abubuwa biyu, duk mai faifai ɗaya dole ne ya sa mariƙi.

Fara da auna sarƙa. Tazarar fil zuwa fil milimita 12.7 ce, saboda haka daga tsakiyar fil na farko zuwa tsakiyar na 25 sabuwar sarƙa za ta ba ka milimita 304.8. In ta kai 306.3 ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma nan ne iyakar sarƙar giya 11 da 12. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don wannan, ya fi tef sauƙi.

Sai faifan. Kama sarƙa da yatsu biyu ta gaban faifan, wajen da ke kallon tayar gaba, ka ja. In ta ɗago har kana hango haske ƙarƙashinta, an ci. Dubi haƙora masu kauri ta gefe: idan kafaɗunsu sun side sun koma kusan kaurin siraran, faifan ya zama na gama-gari, sunan kawai ya rage. Na alminiyam ya fi saurin kaiwa nan, na ƙarfe ya fi nauyi amma ya fi jimiri nesa ba kusa ba.

Sai kuloci. Na Shimano yana da ɗan maɓalli a jikinsa da ake kashewa lokacin cire tayar baya, kuma mutane da yawa sukan manta su mayar. Tura hannun mai canza giyar gaba da babban yatsa. Ya kamata ka ji ya turje sosai, sannan ya koma baya da kansa ba gardama. In ya tafi sakwa-sakwa, buɗe murfin kulocin ka ƙara ɗaure ɗan notin saitinsa kaɗan-kaɗan. In kuma ya tafi ya ƙi dawowa, ya bushe ne, yana son irin giris ɗin da kamfanin ya tanada masa. Na SRAM ba a yi shi don a riƙa saita shi ba. Maɓallin da ke jikinsa na kulle hannu ne lokacin cire taya, ba ruwansa da kuloci.

Akwai wani da ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato firiwil. Ɗaga tayar baya, juya feda da ƙarfi, ka tsayar da ita farat ɗaya kana kallon sarƙar sama. In ta yi tumbi ta sauko, firiwil ɗin yana jan ƙafa, datti ne ko giris mai kauri ko boris da ya mutu. Tayar na tura sarƙa gaba alhali faifan na tsaye, sai ta taru a sama, tsalle ɗaya ya ishe ta barin haƙora. Daga ƙarshe duba tsayi: sa sarƙa a faifan baya mafi ƙanƙanta, in hannun mai canza giya ya naɗe gaba ɗaya sarƙar na reto, ta yi tsawo.

In duk waɗannan sun yi daidai kuma har yanzu tana faɗuwa, to hanyar da kake bi ce ta fi ƙarfin haƙora da kuloci. Sai ka karanta amsoshin da ke biye.

TAMBAYA: Na ga ana rubuta ISCG da ISCG05 da wasu haruffa a jikin kwalayen mariƙi. Ta yaya zan san wanda zai hau bodin kekena?

AMSA: Ɗan'uwa, nan ne gizo ke saƙar, don yawancin waɗanda suka sayi mariƙi suka ajiye a nan suka yi kuskure. Bodin keke ne ke zaɓen mariƙi. Kwantar da keken, ka leƙa bayan faifan gaba, kewayen kwaroron da sandar feda ke ratsawa.

In ka ga kunnuwa uku masu ramin zare, kana da ISCG. Notinsu M6 ne, wato mai kaurin milimita 6. Iri biyu ne, kuma ba sa shiga juna. A tsohon, wanda wasu ke rubutawa ISCG03, ramukan na kan da'ira mai faɗin milimita 59 da ɗoriya. A ISCG05 da'irar milimita 73 ce. Da yake auna da'ira da wuya feda na ciki, auna tsakanin ramuka biyun da suka fi kusa da juna, tsakiya zuwa tsakiya. Kusan milimita 48, tsoho ne. Kusan 56, ISCG05 ne. Kekunan shekarun nan masu kunnuwa kusan duk ISCG05 ne. Wasu bodin kunnuwa biyu kawai gare su, wasu kuma kunnuwan a wani faranti suke da ake sayensa daban a zura a kan kwaroron. Duba littafin keken.

In babu kunnuwa, ɗaga ido sama inda da ake ɗaura mai canza giya na gaba. Wasu bodin suna da wani tudu mai fuska a miƙe da ramin noti ɗaya a bututun sirdi. Wasu suna da ramuka biyu ƙasa-ƙasa kusa da kwaroro, su ne ake rubuta wa S3 ko E-type. Kowanne akwai mariƙin sama da aka yi dominsa. In babu ko ɗaya amma bututun sirdin kewayayye ne, akwai mai zobe da ke damƙe bututun. Auna kaurinsa: 28.6 ko 31.8 ko 34.9. Bodin kabon kada a matse masa zobe fiye da abin da kamfani ya rubuta, fashewa yake ba lotsawa ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce farantin da ake dannewa tsakanin kofin boris na dama da bodi. Wannan sai kwaroro mai zare, wanda ake murɗa kofunansa. Irin wanda ake buga boris a ciki da matsi ba shi da abin da zai danne farantin. A tsarin Shimano mai kofuna a waje, kwaroro mai faɗin milimita 73 yana da wosha ɗaya ta milimita 2.5 a dama, mai faɗin 68 kuma yana da biyu a dama ɗaya a hagu. Farantin zai maye gurbin wosha ɗaya ta dama ne. Cire ta, sa shi. Wanda ya bar woshar ya ƙara faranti a kai ya tura faifan waje da milimita 2.5, ya kuma rage kamun da hannun feda na hagu ke yi wa sandar, kuma ta nan ne hannun ke fara girgiɗi. Ka tuna zaren kofin dama na hagu ne: yana ɗaurewa ne idan ka juya shi saɓanin tafiyar hannun agogo. Ƙarfin ɗaurinsa Nm 35 zuwa 50 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne). Sauran kamfanoni lissafin woshoshinsu daban ne, kada ka ɗora na Shimano a kansu.

In za mu jera su bisa nagarta, kunnuwan ISCG05 ne kan gaba, sai ramukan mai canza giya, sai faranti, zobe ne na ƙarshe don yana iya juyawa ko ya sulale.

TAMBAYA: Ni mace ce, na fara shiga gasar gangare da hawa a wurare masu duwatsu da saiwoyi. Na ga mariƙi iri uku: na sama kawai, mai garkuwa a ƙasa, da mai gargare a ƙasa. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Juya kekenki ki dubi ƙasan faifan da sarƙar da ke kansa. Amsar na nan a rubuce.

In babu tabon duka, na sama kawai ya ishe ki. Ɗan keji ne na roba mai tauri da ke rufe sarƙa daidai inda take hawa haƙora. Yawancinsu ba su kai giram 50 ba, kuma in an saita su daidai ba sa taɓa sarƙa sam, saboda haka ba su rage miki ƙarfin ƙafa ko kaɗan. Aikinsa ɗaya: ko sarƙa ta zame ta ƙasa, muddin tana kan haƙoran sama, juyi ɗaya na feda zai mayar da ita. Ga mafi yawan masu hawa, a nan maganar ta ƙare.

In kuwa kin ga haƙori ya lanƙwashe ko gaɓoɓin sarƙa sun daku, kina bukatar garkuwa. Wani ɓangaren da'ira ne na roba mai kauri a ƙarƙashin faifan ta gaba, ya ɗan zarce sarƙa da 'yan milimitoci, shi ke karɓar dutse ya sulale a kansa. Duka-duka da mariƙin sama yakan kai giram 100 zuwa 150. Kamfanonin MRP da e*thirteen da OneUp duk suna yin irinsa. Da yake kin ce gasa ce, mu wannan za mu zaɓa: faifan da ya lanƙwashe a tsakiyar gangare ya gama da ranarki, nauyin giram 100 kuwa ba za ki ji shi ba.

Sai dai a kula da girma. Faifai mai haƙora 32 faɗinsa kusan milimita 129 ne, kuma duk ƙarin haƙora biyu na ƙara milimita 8 a faɗi, wato 4 ta ƙasa. Wanda ya sa garkuwar faifai mai 34 a kan faifai mai 30 ya kusantar da kekensa ga ƙasa da milimita 8 a banza, zai riƙa dukan duwatsun da da zai tsallake. Garkuwar da ta gaza faifan kuma ado ce kawai. Sannan ki tabbata kamfanin bodinki ya yarda a ɗaura garkuwa a kunnuwansa, don wasu kunnuwan an yi su ne su ɗauki mariƙi kawai, duka mai ƙarfi na iya ɓalle su, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Garkuwa a kan farantin da kofin boris ke dannewa ba mu so. Dutse na tura ta baya, kuma wannan juyin ta ɓangaren da kofin dama ke kwancewa yake. Wanda ba shi da kunnuwa amma fedarsa tsohon yayi ce mai yatsu huɗu, ramukan a da'irar milimita 104, gara ya sa garkuwa kewayayya a gurbin faifan waje.

Mai gargare a ƙasa na kekunan gangare zalla ne. Gargaren na ɗaga sarƙar ƙasa ta ƙara naɗe faifan, riƙon ya fi kowanne, amma yana cin ƙarfi, yana ƙara, kuma laka na taruwa a cikinsa. Ke da za ki taka feda ki hau tudu da ƙafarki, bar shi. Inda ake ganinsa a wajen gangare zalla shi ne kekunan da aka ɗaga mahaɗin shokozobarsu sama, sarƙa ta bi ta kan wani gargare kafin ta sauko ga faifai, don a can sarƙar ba ta kama haƙora da yawa.

TAMBAYA: Na ɗaura mariƙin sama a kunnuwan ISCG05. Sarƙa ta daina faɗuwa, amma tana gogar sa tana ƙara duk lokacin da na sa giyar hawan tudu. Me na yi ba daidai ba?

AMSA: Malam, mariƙin bai zauna a kan layin sarƙa ba. Layin sarƙa shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar bodi da tsakiyar haƙoran faifan gaba. Keken da faɗin hob ɗinsa na baya, wato cibiyar tayar, milimita 135 ne ko 142 yakan zauna a milimita 49. Na Boost, mai hob 148, milimita 52, wasu sababbi 55. Mai hob 157 kuma 56.5. Kunnuwan bodi ba sa motsi, don haka ake haɗo mariƙi da woshoshi. Da alama ba ka sa su daidai ba, kejin ya fito waje da yawa ko ya karkace.

Sake ɗaurawa haka. Cire feda ta dama da faifanta. Wanke ramukan kunnuwa, ka gwada kowane noti da hannu kafin ka kawo alanki. Ɗora farantin mariƙin ka kama notin sama-sama, mayar da feda, sa sarƙa a faifan tsakiya na baya, ka leƙa ta sama. Sarƙar giya 12 faɗinta milimita 5 ne da 'yan kai, kejin ya ɗan fi ta, so ake sarari ya zama daidai hagu da dama. In ba haka ba, ƙara ko rage wosha a bayan farantin, adadi ɗaya a duk kunnuwan. Wosha biyu a nan, ɗaya a can, farantin zai karkace, kuma babu saitin da zai gyara karkataccen faranti. Wasu mariƙan, irin na OneUp, a wajen kejin ake cusa 'yan fallayen saitin, ba sai an sake cire feda ba.

Tsayi kuma: yawanci akwai lambobin haƙora a jikin farantin, zura kejin zuwa lambar faifanka. Rufinsa ya tsaya milimita 2 zuwa 3 sama da sarƙa. In sararin ya kai tsayin haƙori, sarƙa za ta iya ɗagowa ta tsallake, kuma a lokacin ta fi muni, don za ta cushe a ƙarƙashin kejin sai da alanki za ta fito.

Sai juyi. Ramukan farantin dogaye ne don a iya karkata shi. Ɗauki faifan kamar fuskar agogo kana tsaye ta dama, kejin ya zauna tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1. Keke mai shokozoba a baya ba a saita shi yana rataye kawai. Sa giya a faifan baya mafi girma, sauke iskar shokozobar, danna sirdi har ƙasa. Yayin da tayar baya ke ɗagowa sarƙar sama na ɗagowa tare da ita, in ta taɓi bayan kejin, karkata shi gaba kaɗan. Ka rubuta yawan iskar kafin ka sauke.

Da komai ya zauna, ɗiga maganin kulle zare mai launin shuɗi a kowane noti, ka ɗaure da ƙarfin da ke cikin takardar mariƙin. Juya feda a hankali zagaye ɗaya kana sauraro, don kan noti na iya shafar bayan faifai, musamman ƙaramin faifai mai 28 ko 30. Ɗan shafa kaɗan a giya ta ƙarshe ba abin damuwa ba ne, robar za ta side ta yi shiru bayan 'yan fita. Gugar da kake ji a giya uku ko huɗu ita ce matsala.

TAMBAYA: Faifaina mai siffar ƙwai ne, haƙora 32. Mariƙin da aka rubuta wa 28 zuwa 32 zai yi?

AMSA: Ba zai yi ba. Faifan ƙwai mai 32 a wajen tsawonsa ya kai kewayayye mai 34, a wajen gajartarsa kuma kamar mai 30 ne. Nemi wanda ya kai 34, ka saita tsayinsa lokacin da ƙololuwar ƙwan ke ƙarƙashin kejin. Ka kuma zaɓi keji mai dogayen kumatu, don idan gajeren ɓangaren ya zo sarƙa na sauka kusan milimita 8, gajeren kumatu zai bar ta a fili. Garkuwa ma ta 34 za ka sa.

TAMBAYA: Idan ina giyar hawan tudu na juya feda baya, sai sarƙa ta gangaro daga babban faifan baya zuwa ƙanana. Mariƙi zai magance wannan?

AMSA: A'a, ɗan'uwa, mariƙi gaba yake tsaro. In ka juya feda baya, sarƙar sama ce ke shiga faifan baya, kuma babu abin da ke yi mata jagora a can. Tana zuwa a karkace daga faifan gaba, sai ta zame. Auna layin sarƙarka. Faifan da aka yi wa Boost in aka ɗora shi a keke mai hob 142 ya fita waje da milimita 3. A faifan SRAM masu hawa kai tsaye kan feda, mai lanƙwasar milimita 6 na hob 142 ne, mai 3 na Boost. In layin daidai yake, duba ƙarfen da mai canza giya ke rataye a kai ko ya lanƙwashe, ka kuma tabbata sarƙar Shimano rubutunta waje yake kallo. Keke mai gajeren baya yakan ɗan yi haka ko da komai lafiya, musamman da sabuwar sarƙa da ba ta saki jiki ba.

TAMBAYA: Ina ɗaure notin mariƙi sai na ji ya saki yana juyawa a banza. Bodin ya lalace ke nan?

AMSA: Bai lalace ba, zaren kunne ɗaya ne ya cinye. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an ƙara woshoshi a bayan faranti amma an bar gajeren noti, zare biyu ko uku kawai suka kama, alminiyam kuwa ba ya jure haka. Notin M6 yana son ya shiga aƙalla milimita 6 cikin kunnen, shi ya sa ake haɗo noti masu tsayi daban-daban a kwalin. Mai tsawo da yawa ma illa ne, yakan tokari bodi ko hannun shokozoba ta baya, ka ji kamar ya ɗauru alhali farantin na motsi.

Cire notin ka leƙa ramin da tocila. In akwai sauran zare mai kyau a ciki, noti mai ɗan tsawo zai kama shi, ka ɗaure a hankali. In ya cinye duka, bakanike zai faɗaɗa ramin kaɗan ya yanka sabon zare ya murɗa wayar Helicoil ta M6, wadda ta fi zaren asali ƙarfi, muddin akwai isasshen nama kewaye da ramin. Inda ramin ya ɓulle ta baya kuma akwai sarari, dogon noti da abin kamawa ta baya ma ya wadatar. Kafin a gyara, mariƙin sama zai iya zama a kan noti biyu, amma ka cire garkuwar.